Hannun Usta Fauzi

Usta Fauzi, babban mahauci, yana tsaka da saran ƙashin bijimi a rumfarsa ta garin Damanhur sai gatarin ya suɓuce, shi ma ya bi shi ƙasa. Jijiya ce ta fashe a kansa. Da ya farfaɗo a asibiti, ɓarinsa na dama ya shanye, bakin da ke firgita kasuwa ya karkace. Yana jin komai, yana ganewa, amma magana ta ƙi fita.

Ranar sallama likita ta zaunar da matarsa, Ni'imat, a gabansa.

"Ummu Tamir, ki saurara da kyau. Jinin da ya zuba jiki zai share shi da kansa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu sun tafi, amma maƙwabtansu kan miƙa sababbin rassa su karɓi aikinsu. Sai dai aikin da aka matsa musu shi suke koya, kuma watannin farkon nan su ne damarmu. Ki bar shi ya ci da hannun dama ko zai ɓata riga. Kada tausayi ya hana ki."

"In sha Allahu, likita," in ji Ni'imat.

A gida ta sa masa gado kusa da taga. Ta yi wake da man zaitun, ta ɗebo a cokali. Fauzi ya yunƙura, hannun ya ɗan ja a kan bargo kamar kifin da aka fito da shi daga ruwa. Ta ɗauke shi a hankali, ta kwantar masa a ƙirji, ta ja bargo ta rufe.

"Huta, Abu Tamir. Wannan hannun ya yi aiki ya gaji. Buɗe baki."

Haka aka yi ta yi. Ita ke ba shi abinci, ita ke ɓalle maɓalli, ita ke share masa yawu. Mai gashin ƙashi ya zo sau ɗaya, ta tare shi a ƙofa ta ce maigida yana barci. Da ɗansu Tamir ya bugo waya daga Kuwait, cewa ta yi, "Kamar sarki nake riƙonsa." Maƙwabta kuwa har kwatance suke da ita.

Wata safiya yana shi kaɗai babban yatsansa ya motsa, ya kama gefen bargo. Hawaye ya zubo masa. Da ta shigo da shayi ya tattara ƙarfinsa, kalmar farko ta fito.

"Ni'i... hannu."

Ta ajiye kofin, ta juyo masa da kunnen hagu.

"Me ka ce? Ai wannan ba ya ji. Ka tuna marin da ka yi min da wannan hannun? Ranar da gishiri ya yi yawa a miyar lalo. Shekara ashirin ke nan ina jin ƙugin teku a cikinsa."

Ta ɗauko tsohon gyale, ta naɗe hannun, ta rataya masa a wuya.

"Kada ya yi ta lilo ya ji ciwo."

Da hunturu ya wuce suka koma asibiti. Likita ta ja yatsun, sun dunƙule sun ƙame kamar busasshen ɓaure. Ta duba hoton kansa, jinin ya washe tas.

"Usta, ƙwaƙwalwarka ta yi nata. Kai ne ka yi lalaci. Yanzu abin ya yi wuya ƙwarai."

Fauzi ya buɗe baki, ya nuna matarsa da haɓa, gurnani kawai ya fito.

"Kin gani ko, likita? Haka yake min kullum," in ji Ni'imat. "Taurin kai gare shi tun yana saurayi."

"Sai haƙuri, Hajiya. Allah zai ba ki lada."

Ni'imat ta tura shi a keken guragu suka fito titi. Wajen mai ruwan rake ta tsaya, ta sayi kofi guda, ta shanye a tsaye a bayansa, a hankali, tana kallon motoci.