Akawun da Ba Ya Ɗaga Kai

Mijina irin mutanen nan ne da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Mutane na ta yi min barka da samun miji mai sanyin hali, ni kuwa mai ɗaki ce, na san inda yake min yoyo. Shekara ashirin da biyu yana aikin akawu a kamfani guda, a tebur guda, yana buga takardu a kwamfuta kai a sunkuye kamar wanda allurarsa ta faɗi. Har sunansa ya ɓace, kowa Akawu yake ce masa.

Daga wuyansa abin ya fara. In an kira shi ta baya sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Daga nan kafaɗa ta karɓa. Ranar da na same shi ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa, yana ta yarfe hannun dama wai yatsun sun sage, ban tsaya neman shawararsa ba, na tasa shi gaba sai asibiti.

Likitar gashin ƙashi wata 'yar siririya ce mai magana ba kwana-kwana. Ta ɗaga hoton wuyansa ta nuna mana.

"Kan mutum nauyi gare shi," ta ce. "In yana zaune daidai bisa kafaɗa, wuya ba ya shan wahala. In ka turo shi gaba, kamar ka riƙe bokitin ruwa ne da hannu a miƙe tun safe har yamma. Jijiyar da ke zuwa yatsunka ce ta matse."

Ta zayyana masa abin yi. Ya ɗora allon kwamfutar a kan wani abu har ya zo daidai idonsa. Ya sa ƙaramin matashi a ƙugu, tafin ƙafa su zauna a ƙasa. Ya riƙa jan haɓa baya, duk rabin awa kuma ya miƙe ya ɗan taka.

"A taƙaice dai, Malam, ka riƙa ɗaga kai."

Ya yi wannan murmushin nasa mai ƙona min rai. "Likita, ni tunda nake ban taɓa ɗaga wa kowa kai ba. Ba haka aka rene mu ba."

"Ba girman kai nake nufi ba. Kan da ke bisa wuyanka nake nufi. In ka ci gaba a haka, wata rana ko biro ba za ka iya riƙewa ba."

Ni na ɗinka masa matashin da hannuna. Na kwaso tsofaffin littattafai guda huɗu masu kauri na ɗaure masa, na ce ya sa su ƙarƙashin allon. Kullum ya dawo sai na tambaya, kullum amsa guda: "Ana yi, Malama." Malamar firamare ce ni, da kallo ɗaya nake sa yara arba'in su gyara zama, amma ƙato guda ya gagare ni. Sati shida hannun bai canza ba, sai ma cokali da ya koma riƙewa da ƙyar.

Ina kakkaɓe jakarsa wata safiya na ga matashin can ƙasa, bul da shi yadda na ɗinka, ko alamar an taɓa jingina da shi babu. Na mayar da shi inda yake. Ana tashi daga makaranta na nufi ofishinsu, gani ya kori ji.

Dogon ɗaki ne mai tebur shida da fanka guda mai kuka. Nasa teburin shi ne na ƙarshe, yana fuskantar ƙofar gilashi ta ofishin Manaja. Ga shi nan ya nannaɗe a kujera, haɓa ta kusa taɓa ƙirji, yana bugu da hannun hagu da yatsa ɗaya na dama. Littattafaina suna ƙarƙashin tebur, ko igiyar ba a kwance ba.

"Malama? Lafiya? Wani abu ya sami yaran?"

"Yara lafiyarsu ƙalau, Abban yara. Ubansu na zo dubawa. Wannan shi ne ana yi ɗin?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Na gwada, wallahi na gwada. Ranar farko na ɗora littattafan na miƙe zama, sai idona ya faɗa tsakiyar ofishin Yallaɓai. Duk ɗagowar da zai yi sai mu haɗa ido. Mai ajiyar fayil ya ce, 'A'a, Akawu ya fara ɗaga kai, ko ƙarin girma aka yi ba mu sani ba?' Kowa ya kwashe da dariya."

"To miƙewar fa, duk rabin awa?"

"Nan wurin ba mai miƙewa sai in Yallaɓai zai fito, kuma ni nake fara hango shi. Ina tashi sai duk su zabura su miƙe. Sau uku aka yi haka, na huɗu suka ce in daina wasa da hankalinsu."

Da wani ne ya ba ni labarin nan da na yi dariya har da hawaye. Amma takaici ne ya kama ni. Mutum zai yarda hannunsa ya mutu don kada a ce ya kalli babba a ido.

"Zan shiga in gan shi," na ce.

"Malama, don girman Allah kada ki tona min asiri."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ƙwanƙwasa na shiga. Manajan matashi ne, ashe watansa takwas kacal a wurin. Ya ba ni kujera, na faɗa masa komai, tun daga maɓallin riga har maganar likita. Yana ji yana juya wata takarda da ke gabansa, sai na ga fuskarsa ta canza.

"Baiwar Allah, kin zo a kan gaɓa," ya ce. "Wannan takardar tasa ce. Aikinsa ya yi sanyi ƙwarai, abin da zai gama a awa ɗaya sai ya wuni yana yi. Na ga dattijo ne ya gaji, shi ne na rubuta a ba shi shawarar yin ritaya, ya je ya huta da jikokinsa. Gobe za ta tafi."

"Waɗanne jikoki, ranka ya daɗe? Babbar 'yarmu ajinta uku a sakandare. Shekararsa arba'in da shida."

Ya leƙa ta gilashi ya daɗe yana kallonsa. "Na rantse na ɗauka ya ba sittin baya. Ban duba fayil ɗinsa ba, laifina ne. Amma ni fa tunda na zo, tsakiyar kansa kawai na sani."

Ya sa aka kira shi. Akawu ya shigo yana raɓe-raɓe, hannu biyu a gaba, yana jero gaisuwa ga takalmin Manaja. Manaja ya gaya masa abin da ke cikin takardar bai ɓoye ba. Ya ce zai riƙe ta wata uku, za a juya teburin ya daina kallon ƙofa, ya bi duk abin da likita ta ce. In hannun ya dawo, magana ta mutu. In bai dawo ba, shi ma akwai na sama da shi.

Tausayin mijina ya kama ni, haushinsa bai sake ni ba. Sai ga shi ya fara lanƙwasa gwiwa zai durƙusa.

"Abban yara," na ce, "in godiya za ka yi, yi ta a tsaye."

Ya kalle ni ta wutsiyar ido. Manaja ya zagayo daga bayan tebur ya tsaya gabansa yana jira. Akawu ba yadda ya iya. Ya ja haɓa baya yadda aka koya masa, ya buɗe kafaɗa a hankali yana cije baki, har na ji wani ƙashi ya ce ƙas. Ya yi ta tafiya sama, sai da Manaja ya ɗaga nasa kan kafin ya ga fuskarsa. Shekara goma sha tara muna tare, ni kaina na manta dogon mutum na aura.

"Na gode, ranka ya daɗe," ya ce, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ya karkato wajena ƙasa-ƙasa. "Malama, ya isa haka? Na tsaya wa babba a ka."

"Bai isa ba," na ce. "Abincin yaranka ke can saman, ka zauna a wurin."