Hancin Bohdana

Tun ranar da Bohdana Vrbová ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar gidan dafa giyarsu, ƙeyarta ta bugi dakali, ba ta sake jin ƙamshin komai ba. Likita ya ɗinke wurin, ya ce ta auna arziki. Sai da ta koma aiki bayan kwana biyar, ta kwance buhun hop, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, ta cusa fuskarta ciki kamar yadda ta saba yi shekara goma sha tara, ta ji wayam. Ta murje furen a tafin hannu ta sake sansanawa. Babu. Ta ce mura ce.

Ba mura ba ce. Harshenta na nan, tana jin ɗaci da zaƙi da tsami, amma duk abin da ke bambanta giyarta da ta maƙwabta a hanci yake, hancin kuwa ya mutu. Wani likita a birnin České Budějovice ya ce jijiyar ce ta tsinke, tana iya dawowa cikin shekara ɗaya ko biyu, tana iya ƙin dawowa. Ya ce ta riƙa sansanar kanumfari da ɓawon lemo safe da yamma. Ta sayo su ta ɓoye a aljihun mota.

Ita da ƙanenta Lubor suka kafa gidan a tsohon rumbun mahaifinsu, a wani ƙauye kusa da garin Písek. Ita ke dafawa, shi ke sayarwa. Duk ranar Alhamis kafin azahar sukan jera kofuna su ɗanɗana abin da ke cikin tankuna, nasu da na wasu, su kwatanta. Wata huɗu Bohdana tana ɗaga kofi, ta juya shi, ta kai hanci, ta faɗi abin da ta san ya kamata a ji: wannan akwai ƙamshin gasasshen burodi, wancan ɓawon lemo ya yi masa yawa. Lubor yana gyaɗa kai. Mutum ne mai zuƙar taba tun yana saurayi, hancinsa ya daɗe da dushewa, kuma bai taɓa musa wa yayarsa a kan giya ba. In ya fita sai ta jingina da tanki.

A watan Mayu abin ya kai mata wuya. Ta dafa wata jar giya sabuwa saboda bikin masu ƙananan gidajen giya da za a yi ranar Asabar, har an buga sunanta a takardun bikin. Amma injin sanyi ya yi gardama a ƙarshen mako, tankin ya yi sanyi fiye da kima tun yis ɗin da ke sa giya ta nuna bai gama aikinsa ba. Ta san abin da hakan kan jawo, warin man shanu da ya lalace, wanda ko ɗan koyo zai gane. Ranar Laraba ta tsaya a gaban tankin ta zuba kofi bakwai, ɗaya bayan ɗaya. Ta kurkure baki, ta tura ruwan ta bayan maƙogwaro, ta dumama kofin a hammata. Har buɗe kwalbar maganin wanke ƙasa ta yi, ta shaƙa sai da hawaye suka zubo, ko hancin zai farka. Washegari da safe za a ɗura giyar a ganguna.

Mutum ɗaya ya rage mata, kuma shekara bakwai ba sa ga maciji. Květoslav Hanzal ne ya koya mata sana'ar tun tana 'yar ashirin. Shi ne kuma, yana alƙali a wata gasa, ya ce a gaban jama'a giyarta ta farko ƙamshin sabulun wanka take yi. Ta cika kwalba uku ta kama hanyar gidansa.

Ta same shi a bayan gida yana ba zomayensa ciyawa. Ya tsufa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai tambaye ta abin da ya kawo ta ba, ya dubi kwalaben kawai ya ce ta shigo kicin. Ta ce masa wucewa take yi, ta ga bari ta gwada ko hancin tsoho na aiki har yanzu. Ya ce hancin tsoho ya ga sabulu iri-iri, wani ƙarin ba zai kashe shi ba.

Ya zuba, ya rufe bakin kofin da tafinsa, ya girgiza, ya sansana sau ɗaya. Ta kafa wa fuskarsa ido, ba ta karanta komai ba. Sai ya ce ta juya baya. Ta ji ƙarar kofuna da tsiyayar giya. Da ta juyo, kofi uku ne a gabanta. Ya ce biyu nata ne, ɗaya nasa ne da ya dafa a tukunya, ta fitar masa da baƙon.

Launinsu ɗaya, kumfarsu ɗaya. Ta kurɓi kowanne sau biyu. Ta nuna na tsakiya, ta ce ya fi ƙamshin hayaƙi, kuma hop ɗinsa tsoho ne.

"Duka ukun daga kwalbarki na zuba," in ji shi. "Tun yaushe?"

Ta ajiye kofin.

"Tun Janairu, Maigida."

Ya ja kujera ya zauna. Ya ce giyar wari take yi, tun daga buɗe murfin ya ji. Za a iya ceto ta in an dumama tankin aka ƙara sabon yis aka bar ta kwana goma, amma Asabar kam ta wuce ta. Bohdana ta kifa kai a kan teburin. Ta roƙe shi ya zama hancinta a ɓoye. Za ta riƙa kawo masa kwalabe duk mako, ba wanda zai sani, za ta yi masa duk abin da yake so, har cefane da kai shi asibiti. Ta ce in labarin ya fita, ba gidan shan giyar da zai sake karɓar ganga daga hannunta. Ta ce ba ta iya komai ba a duniya sai wannan.

"Shekarata saba'in da huɗu, 'yar nan. Nawa hancin ma rabi ya rage. In na mutu a hunturu, wa za ki kai wa kwalba?" Ya ture kofin gefe. "Zan zo ranar Alhamis, ta ƙofar gaba. Amma ki fara gaya wa ƙanenki."

Ta sami Lubor a tsakar gida yana wanke ganguna da tiyo. Ta faɗa masa a tsaye, ba ta kewaya ba. Ya kashe ruwan. Ta yi tsammanin faɗa, sai ya tambaye ta dafuwa nawa ta fita tun Janairu. Ta ce tara. Sai ya ce a watan Maris wani gidan shan giya ya dawo da ganga shida, wani kuma ya daina saye ba tare da ya faɗi dalili ba. Shi ya zubar da giyar gangunan da kansa a bayan rumbu, bai gaya mata ba, don ya ga tun faɗuwar ba ta da walwala.

"Na ɗauka su ne ba su san giya ba, Yaya. Ke kika ce tana da kyau."

Wannan ya fi mata zagi ciwo.

Ba su je bikin ba. Teburin da aka rubuta sunansu ya wuni babu kowa, mutane suka yi ta bugo waya, Lubor yana cewa injin sanyi ne. Jar giyar ta gyaru bayan kwana goma sha biyu. Květoslav ya ce ba laifi, wanda a bakinsa yabo ne. Ya riƙa zuwa a bas duk Alhamis, yana sansanawa yana faɗa, ita tana rubutawa, suna gardama a kan abin da ita ba ta ji. A watan Agusta ƙafarsa ta kumbura, ya fara tsallake mako.

Da kaka ta shigo, Lubor ya ce dole su ɗauki wani mai dafawa. Ya faɗa yana kallon bango. Bohdana ce ta rubuta sanarwar da hannunta. Mutum huɗu suka zo, ta jera wa kowannensu kofuna uku, ta zauna daga gefe tana kallon yadda hancinsu ke motsi a bakin kofi. Ta ƙarshe wata mata ce daga birnin Plzeň, Radmila, wadda ta sansana kofi na biyu ta ɗan yamutsa fuska, ta ce wannan ya kwana a tiyo marar tsabta. Bohdana ta dubi Květoslav, wanda ya daure ya zo a ranar, ya gyaɗa kai. Ta tashi ta ɗauko makullan ɗakin tankuna, ta ce wa matar ta biyo ta ta nuna mata inda komai yake.