Akwatin Ƙofar Coci

A ƙofar cocin su Wanda Caudill akwai akwatin katako da ake ajiye wa mabukata abinci. Kowa waken gwangwani yake sakawa, ita kuwa maganin da ake fesa wa mutum a hanci ya farfaɗo idan ƙwaya ta ɗauke masa numfashi. Ba don neman suna ba. Tun da dutse ya danne bayan ɗanta Dewey a ramin kwal, likita ya ɗora shi kan ƙwaya, yau shekara tara bai sauka ba.

Tana sakawa, Orville dattijon coci yana kwashewa.

"'Yar'uwa Wanda, wannan ai ɗaure wa zunubi gindi ne."

"Gawa tana tuba ne, Ɗan'uwa Orville?"

Ko a jikinsa, an tsikari kakkausa.

Ranar Talata da tsakar rana Wanda ta tarar da Dewey sanƙame a motarsa, leɓɓansa sun yi shuɗi. Maganin da ke jakarta ta riga ta ba wata maƙwabciya. Ta kwasa da gudu zuwa coci, ta fizge murfin akwatin da ta cika da hannunta ranar Lahadi. Wake! Wake da takardar wa'azi. Kafin motar asibiti ta gama zagayo duwatsu, mai aukuwa ta auku.

A garin nan maƙwabta ke haƙa kabari da hannu a tudun da dangi ke binne mamatansu, mata su cika gidan makoki da tukwane. Orville ne ya fara zuwa da shebur, don rashin ta ido. Matarsa Geneva ta ajiye farantin burodin masara, ta ja Wanda gefe.

"Ki yafe mana. Bai taɓa zubar da magungunan ba. Suna nan a kabad ɗinmu, saboda jikarmu Tammy, ita ma ƙwaya ta kama ta. Tsoro yake kada a gan shi yana karɓa."

Wanda ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ta haura tudun nan ko takalmi babu. Orville yana cikin ramin, ƙasa ta kai masa ƙugu, maza goma na kewaye.

"Guda nawa ne a kabad ɗinka?"

Orville ya kafa shebur ɗinsa a ƙasa.

"Ɗan'uwa Orville, da kai nake!"

"Goma sha huɗu," ya ce, kai a ƙasa.

"Ɗaya ya ishi Dewey," in ji ta. "Ci gaba da haƙa."