Takalmin Hagu na Gloria

Saura kwana talatin da biyar a yi gwajin zaɓen 'yan tsere a Kaduna, gwiwar Gloria Andrawus ta hagu ta ce ba ta san zancen ba. Ba faɗuwa ta yi ba, ba tuntuɓe ba. Tana cikin gudunta na safe a gefen titin Funtua, a garinsu Birnin Gwari, ta ci kilomita huɗu, sai ta ji kamar an soka mata tsinke a gefen gwiwar, zafin ya haura har kwankwaso. Da ɗingishi ta ƙarasa gida.

Mata uku za a ɗauka a tseren mita dubu goma, su shiga sansanin jiha. Shekarun Gloria ashirin da shida. Sau biyu gwajin yana wuce ta saboda hanyar Kaduna ba ta biyuwa don 'yan bindiga. Bana hanya ta buɗe, kuma kowa ya san ba za a sake kiran mai shekara ashirin da bakwai ba.

Malam Abarshi, tsohon malamin wasanni da yake horar da ita tun tana sakandare, ya zo da yamma da wayarsa a hannu.

"Kalli nan," in ji shi. A bidiyon an kwantar da wani ƙato, an murɗa shi, bayansa ya yi ƙara. "Kairofirakta ake ce musu. Masu gyaran ƙashin baya da gaɓoɓi. Akwai ɗaya a Kaduna, Dakta Obed. 'Yan ƙwallo duk wurinsa suke zuwa."

"Malam, wannan ai karya mutum yake yi."

"Karya ki zai yi ki tashi da gudu. Shirya, jibi za mu."

Suka je. Dakta Obed mutum ne siriri mai magana a hankali. Ya kwantar da ita a kan wani gado mai rami wurin fuska, ya lalubi bayanta, ya naɗe ƙafarta, ya danna. Ƙas! Gloria ta kira sunan Yesu. Ya juya ta, ya sake. Ya murza cinyar har ta yi hawaye. Da ta sauko ta taka ƙasa, babu zafi ko kaɗan. Malam Abarshi ya yi ta dariya har tasha.

Kwana uku tana gudu kamar barewa. A na huɗu, daidai kilomita huɗu, tsinken ya dawo.

Suka koma. Aka sake ƙas, aka sake kwana uku. A zuwa na biyun ne Dakta Obed ya tsaya yana kallonta.

"Ni ina kwance abin da ya ɗaure," ya ce, "amma akwai abin da ke sake ɗaure shi in kin koma gida. In za ki dawo, ki zo min da takalmin da kike gudu da shi."

Takalmin da take gudu da shi na gwanjo ne, shekararsa biyu, shumeka ya ɗinke bakinsa da zare baƙi. Gloria ta tuna farin tayil ɗin asibitin da matan da ke zaune suna danna manyan wayoyi. Ranar komawa ta buɗe akwati ta ɗauko sabon takalmin da ta ajiye don ranar gwaji, wanda bai taɓa taka ƙasa ba, ta sa a leda. Dakta Obed ya juya shi gaba da baya, bai ga komai ba, ya mayar mata. Ya sake gyara ta. Saura kwana ashirin da ɗaya, ciwon ya dawo a kan lokacinsa.

Mahaifiyarta ce ta gaji. Ta ce tun kafin a haifi likitan Kaduna ake gyaran ƙashi a garin nan, a kai ta wurin Bakoji mai ɗori. Malam Abarshi ya ɓata rai, amma ya ɗauke ta a babur daga wurin gudu kai tsaye, da zufarta da komai.

Bakoji tsohon makiyayi ne da ya baro dajin Kamuku shekarun baya ya zauna a unguwar Magajin Gari. Suka cire takalma a ƙofar zaure suka shiga. Ya shafa gwiwar da yatsu biyu, ya lanƙwasa, ya miƙe, ya saki.

"'Yar Andrawus, babu karaya, babu targaɗe. Me zan ɗora?"

"Baba, ciwo yake yi."

"To je wurin mai ƙas-ƙas ɗinku. Na ji labari. An ce kwantar da mutum yake yi kamar buhun masara ya hau kai."

"Ilimi ne, Bakoji," in ji Malam Abarshi. "Ba tofi da karan dawa ba."

"Ilimin ne ya kawo ku zaurena?"

Ya taso ya raka su ƙofa. Gloria ta sunkuya za ta ɗauki takalminta, tsohon ya sa sandarsa ya danne na hagun.

"Tsaya." Ya ɗauka ya kifa shi, ya ɗauki na daman ya haɗa su. Ƙasan na hagun ya cinye ta gefen waje har ya kwanta, na daman kuwa da sauransa. "Wannan ƙafa biyu ce ta mutum ɗaya? Saniyar da ke kiwo a jikin dutse haka kofatonta ke ci. A ina kike gudu?"

"Titin Funtua. Daga shingen sojoji zuwa gada, in dawo."

"Wane gefe?"

"Hagu."

"In za ki dawo fa?"

"In tsallaka, in bi hagu."

Malam Abarshi ya gane nan take. Ya san titin. Tsakiyarsa tudu ne, gefensa gangare saboda ruwa. Mai bin hagu kullum, ƙafarsa ta hagu ce a ƙasa, zuwa da dawowa. Shekara uku ke nan Gloria tana haka, kilomita goma sha biyu kowace safiya, kuma shi da bakinsa ya ce ta riƙa yi.

Ba sai an tambayi dalili ba. Tun da hanyoyin daji suka gagara, filin makaranta kuma aka shuke shi da masara saboda gonakin nesa ba sa zuwuwa, titi kaɗai ya rage. Kuma a Birnin Gwari babu mai tafiya a gefen titi ya ba babur baya. Kana fuskantar abin da ke tahowa, ka ƙirga mutum nawa ne a kai tun daga nesa. Ranar da 'yan bindiga suka fatattaki su Gloria daga gonarsu a ƙauyen Saminaka, ta baya babura suka fito.

"Magani a ƙafarki yake," in ji Bakoji, ya miƙa mata takalmin. "Ki je ta hagu, ki dawo ta nan gefen ba tare da kin tsallaka ba. Wannan kuma ki ba akuya."

"Baba, in dawo ta nan, babura ta bayana za su zo."

"Ƙwarai. Ai an ce an yi sulhu." Ya koma zaurensa.

Malam Abarshi ya kira Dakta Obed a waya ya faɗa masa. Likitan ya ce, "Wannan takalmin na ce a kawo min." Ya ce ta huta kwana huɗu, ta yi motsa kwankwason da ya nuna mata, ta fara gudu da sabon, kada ta sake zuwa sai in ciwon ya tashi.

A rana ta biyar ta fita da sabon takalmi. Zuwa gada lafiya. Ta juya, ƙafarta da kanta ta nufi tsallaka titi, ta janyo ta. Ta kama hanya da bayanta a buɗe. Ba ta yi rabin kilomita ba ta ji ƙugin babur. Yana matsowa. Ba ta san lokacin da ta yi tsalle ta faɗa cikin ciyawa ba.

Mai burodi ne, da akwatinsa a baya. Ya rage gudu. "Hajiya, lafiya? Ko kunama ce?"

Ta tashi ta karkaɗe jikinta ta ci gaba. Ran nan sau uku tana faɗawa ciyawa. Washegari sau ɗaya. Bayan mako guda babur yana wuce ta har iskarsa ta kaɗa rigarta, ba ta waiwaya. Gwiwar takan yi tsami da yamma, amma tsinken bai dawo ba.

Ranar gwaji su goma sha bakwai suka tashi. Biyu suka tsere tun da wuri, babu mai kamo su. Saura zagaye biyu Gloria ce ta uku, gwiwar ta fara magana a hankali. Sai ta ji taku a bayanta, da numfashin wata, kusa, kamar a kan kafaɗarta. Jama'a na ihu, "Ga ta nan! Ga ta nan bayanki!" Malam Abarshi ya riƙe hularsa da hannu biyu, don ya san mai waiwaye a nan taku biyu take asara.

Gloria ba ta waiwaya ba. Ta tsallake layi da tazarar da ba ta kai tsawon sanda ba.

Mai rubuta sunaye ya tambaye ta garinsu, ta faɗa, ya ce ta zo sansani ranar Litinin da kayanta. Ta zauna a ƙasa ta kwance igiyar takalmi, ta cire na hagun, ta kifa shi ta duba ƙasansa. Bai kwanta ta gefe ba.