Taragon Mata

Sai da Abdulwahidu ya yi nisa a karatun digirinsa na uku a Kuala Lumpur sannan ya samu ya ɗauko matarsa Hureira daga Funtuwa. Ya kama musu gida a wani ɗan gari can bayan birni, inda jirgin ƙasa ke tsayawa a 'yar tasha mai dandamali biyu da gadar ƙafa a sama. Tun zuwanta komai shi yake yi, daga cefane har magana da maƙwabta, don ita ba Turanci ba Malayanci.

Ran wata Asabar suka shirya zuwa unguwar Setapak, bikin sunan 'yar abokinsa Zulkiflu. Hureira ta kwana biyu tana ɗoki, za ta ga matan gida ta yi hira da Hausa. Ta soya cincin ta cika roba, ta ba shi wayarta ya riƙe saboda hannunta a cike yake.

Jirgi ya zo maƙil da mutane. Ya raka ta har ƙofar taragon mata, ya ce, "Shiga nan, ina na bayanki. In mun isa zan zo in fito da ke."

Ya juya da sauri, sai wani dattijo mai tura keke ya tare masa hanya. Kafin ya kewaye shi ƙofa ta rufe. Ya daki gilashi da tafin hannu, jirgi ya ja. Yana tsaye yana kallo har jirgin ya sha kwana bayan itatuwan kwakwa.

Ya zaro waya ya kira ta. Sai ya ji aljihunsa na hagu yana ruri.

"Innalillahi!" Sai a lokacin ya tuna ko sunan tashar da za su sauka bai taɓa gaya mata ba.

Ya ruga wajen mai tikiti. Mutumin ya saurare shi a natse, ya ce zai sanar da tashoshin gaba, ya tambayi kamanninta. Abdulwahidu ya ce baƙar mace mai hijabi ruwan toka. Ko ruwan ƙasa ne? Ya kasa tunawa.

"Boleh, boleh. Zauna lah," in ji mutumin da Turanci gauraye da Malayanci, wato ba damuwa, yana nuna masa benci.

Ina zama! Ya kira Zulkiflu ya gaya masa abin da ya faru.

"Malam Abdul, kada ka motsa daga nan," in ji Zulkiflu. "In ta ga ba ka, dawowa za ta yi."

"Ta dawo ta yaya? Matar da ko kanti ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba?"

"To in ka bi ta, a wace tashar za ka sauka?"

Ya kashe wayar.

Ranar hutu ce, jirage sai jefi-jefi. Ya haye gada ya duba ɗaya dandamalin, ya sauko, ya sake hayewa. Ya fita bakin titi inda mai soya ayaba ke fifita da kwali, direbobin tasi suna gyangyaɗi a inuwa, ya dawo. Gumi ya jiƙa masa shaddar da ya ɗinka don sunan. Jirgi ɗaya ya zo daga birni, ya leƙa fuskokin duk waɗanda suka sauko, babu ita. Sannan hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, ƙarar kwanon rufi ta hana shi jin sanarwar lasifika.

Da jirgin shiga birni ya sake zuwa, haƙurinsa ya ƙare. Ya faɗa ciki. Ƙofa na rufewa wani jirgin ya tsaya a ɗaya gefen, ya hango Hureira ta sauko, wata Bamalayiya mai tabarau tana riƙe da hannunta, robar cincin a ƙirjinta. Hijabin nata kore ne.

Ya ƙwala mata kira har fasinjoji suka juyo. Ba ta ji ba.

Sai da ya je tasha ta gaba, ya jira na komawa kamar ya yi kuka. Da ya dawo, dandamali fayau. Mai tikiti ya ɗaga kai ya nuna masa hanyar gari da biro.

A kan matakalar gidansu ya same ta zaune, jiƙe sharkaf, don makulli na wurinsa.

"Me ya hana ki jira a tasha?" ya faɗa da ƙarfi.

Ta dube shi. "Kai me ya hana ka jira, Malam?"

Ya shiga laluben makulli a aljihu.

"Kuka na yi a gaban mutane," ta ce. "Matar nan ta tambaye ni daga ina, na kasa faɗin sunan garin da nake kwana. Sai da ta kira wata da ta ga inda na hau."

Ya buɗe ƙofa. Can wayarsa ta yi ƙara, Zulkiflu ne yana tambaya ko su ajiye musu abinci.

"Mu canza kaya mu koma?" ya tambaye ta a hankali.

"Ni yau na gama da jirgi," ta ce, ta wuce ɗaki ta turo ƙofa.