Giya ta Biyu a Babur ɗin Mai Lambu

Mutanen da wannan labari ya shafa su ne: Gajere bakanike, abokinsa tun na ƙuruciya, wato Mai Lambu, dattijo mai tsohon babur na shiga daji, matar Mai Lambu, wadda kowa ke kira Inna, sai babban ɗansu.

Wata safiya Gajere yana share rumfarsa sai ga Mai Lambu yana turo babur, rigarsa duk rairayi, babban ɗa na biye da shi fuska a ɗaure. Lambun dattijon yana bayan gari ne, hanyar duk kwazazzabai, babu abin da ke kai shi sai wannan babur mai dogayen ƙafafu.

"Giya ta ɗaya lafiya lau," in ji Mai Lambu. "Da na nemi ta biyu sai ya faɗa firi, babu giya ko ɗaya, inji ya yi ta kururuwa a banza. Yau a tsakiyar hawa ya yi mini, ya kwantar da ni."

Babban ɗa ya zare makulli ya miƙa wa Gajere. "Kawu, a duba shi da kyau. In bai gyaru ba, Baba ya daina hawa, lambun kuma a nemi mai kula da shi."

Gajere ya dubi abokinsa, ya ga yadda ya sunkuyar da kai. Ya sani duk bishiyar da ke lambun nan Mai Lambu da hannunsa ya dasa ta, raba shi da ita kuwa daidai yake da kwantar da shi jinya.

Sai ya duƙufa. Ya ɗaure wayar kuloci, ya gwada sarƙa, ya juye baƙin mai yana murza shi da yatsa ko zai ji ɓurɓushin ƙarfe, bai ji ba. A ƙarshe ya buɗe inji, ya bi haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, ko tsaga babu. Ya mayar, ya hau, kowace giya ta shiga sumul. Mai Lambu ya karɓa, bai kai bakin titi ba inji ya soma kururuwarsa.

"Tsoho, babur ɗin nan raina ka ya yi," in ji Gajere.

"Idonka ne ya mutu, kake cutar mutane da sunan gyara," in ji Mai Lambu yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Kashegari Inna ta biyo ta rumfar da jakar cefane. Bayan gaisuwa ta ciro takalmin mijinta na hagu ta ajiye a kan benci.

"Gajere, tun da na shigo gidan mutumin nan nake faɗa da baƙin tabo a saman takalminsa, wurin da ƙarfen giya ke gogawa. Dubi wannan. Ya daɗe yana sa shi, ko alama babu. Kuma in zai ƙetare dokin ƙofa, jan ƙafar yake yi, yana zaton ban gani ba."

Gajere ya juya takalmin a hannu. Giya ta ɗaya takawa ake yi ƙasa, ta biyu kuwa sai an ɗaga ƙarfen da saman ƙafa. Ashe ƙafar ce ta daina ɗagawa sosai, ƙarfen ya riƙa tsayawa a rabin hanya, inda firi take.

Ya kunna walda, ya liƙa wa ƙarfen giya wani ɗan reshe ta baya, yadda za a taka da diddige gaban ya tashi da kansa.

Da yamma duka ukun suka zo. Mai Lambu ya daɗe yana kallon reshen, sannan ya ce a hankali, "Wa ya gaya maka?"

"Takalminka," in ji Gajere. "Ya fi ka faɗin gaskiya. Hau ka taka da diddige."

Ya hau. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, Gajere yana jin kowacce tana shiga da kunnensa, har babur ya sha kwana ya dawo. Babban ɗa ya matso, ya ga reshen, ya dubi ƙafar mahaifinsa, ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta riga shi.

"Maigida, gobe kafin lambu za ka kai ni asibiti a kan babur ɗin nan."

"Subhanallahi, me ke damunki?"

"Ƙafarka ta hagu."

Gajere ya yi dariya har da riƙe benci. Babban ɗa ya murmusa, ya bar makulli a jikin babur. Mai Lambu ya karkaɗe kujerar baya da hularsa, ya ce, "To hau mana mu tafi gida, ko sai an ɗauko miki tsani?"

A nan na tsaya. Da girma na koyi rubutu, don haka duk wanda ya ga kuskure a harafi ko a sunan wani ƙarfe, ina roƙonsa ya gyara mini, Allah ya saka masa da alheri.