Gilashin Gefen Inna

Gilashin ƙofar gaba ya ƙi sauka, gefen da Inna ke zama. Inna tsohuwata ce, numfashi ke ba ta wahala, kuma yau zan kai ta asibiti. In ba iska, ba ta iya zaman mota. Na kai motar wurin Tanimu riwaya, mai gyaran wutar mota. Ya kwance ƙofar, ya nuna mini wani ɗan baƙin abu kamar kaska, mai ƙafa takwas. Ya ce aisi ne, shi ke kai magana tsakanin ƙofa da ƙwaƙwalwar mota, kuma duk a kan waya ɗaya suke, don abin ya yi araha. Ya ce, "Ba ya buɗe baki sai ƙwaƙwalwa ta kira shi." Na ce masa ni ba karatu na zo ba, ya gyara kawai. Ya ce sai kaya sun iso.

Da wannan na kwanta jiya, sai ga mafarki.

Motata ce, amma ta yi girman gari. Tana tsaye cik, hanya ce ke gudu a ƙarƙashinta. Ruwa na tsattsafowa daga kwalta yana hawa sama, mutane sun kife lema suna taka ta. Can nesa ga Inna a kujerar gaba, gilashi a rufe, ƙirjinta na kuka kamar zugazugi. Goronta na hannu, ta kasa kai shi baki. Haƙori ɗaya ya rage mata, na turmi, da shi take cin goro, kuma ta fi ji da shi a kan kowa.

Waya ɗaya ta ratsa garin kamar igiyar shanya. Na bi ta har wani ofis a bayan sitiyari. Wata tsohuwar akuya ce a kan kujera, da tabarau. Ita ce ƙwaƙwalwa. Ta kama wayar tana kira.

"Waifa!"

"Na'am, muna shara."

"Madubi!"

"Na'am, baya lafiya lau."

"Hon!"

"Na'am."

Da ta zo kan ƙofar gaba sai ta yi tari, ta gyara tabarau, ta koma kan waifa.

Na ce, "Hajiya, kin tsallake ɗaya."

"Ban tsallake ba."

"To kira shi."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Kai ba ka da kunya? Ɗan farina ne. Shi aka fara ɗaura mini a kamfani. Ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari?"

Ni ma ɗan fari ne. Sunana Yusha'u. Gemuna ya yi furfura, amma ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. "Kai wannan" ne, in ta ji daɗi kuma "mai motar nan".

Sai ga ni a cikin ƙofa. Aisin na zaune kan tabarma, ya tanƙwashe ƙafafunsa takwas, da 'yar hularsa.

Na ce, "Malam, sauke gilashi."

"Ba a kira ni ba."

"Ga shi na kira ka."

"Kai direba ne."

"Ba ka jin tsohuwa na shaƙewa?"

"Ina ji. Tun ɗazu hannuna na kan abin. Amma waya ɗaya gare mu. In kowa ya yi magana sanda ya ga dama, hon zai kama shara, waifa ta kama ihu."

Na ce, "Uwar taka ta manta da kai, shi ne gaskiya."

Ya girgiza kai. "Kullum aka murza makulli, ni take fara turo wa wuta kafin kowa. Ba ta cewa komai. Turowa kawai take yi."

Wannan ya taɓa ni. Haka Inna ke turo mini kwanon tuwo da ƙafa, tana kallon bango, kuma tsokar tana ƙasa a ɓoye. Amma ni ba mutumin tsayawa tunani ba ne. Na ɗauko jak na maka wa gilashin. Jak ɗin ya zama rake. Gilashin ya ce, "Sannu da aiki."

Sai na ga Inna ta miƙa hannu ta jawo wayar. Da ƙyar maganar ke fita.

"Baiwar Allah, kira yaron nan."

Akuya ta ce, "Ke kin taɓa kiran naki?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Inna ta huta, ta ja numfashi. "In na kira nawa, kya kira naki?"

"Na kira. Amma ki sani, a garin nan sunan da ya daɗe a baki saiwa yake yi. Ba ya fita shi kaɗai."

Na ce, "Inna, bari. Na goya ki mu tafi a ƙasa."

Ta ce, "Kai wannan, manya na magana."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Waifa ta tsaya. Madubi ya juya baya. Hanya ma ta rage gudu. Daga cikin mayafin, a hankali, kamar mai taka ƙaya, ta ce, "Yusha'u."

Ni da nake faɗa da 'yan kamasho ba na ƙifta ido, na nemi "na'am" na rasa. Da ta fito, muryar yaro ce.

Haƙorin ya faɗo a tafin hannunta, da jan goro a jikinsa. Ruwa ya ɗauke shi ya yi sama da shi. Ta bi shi da kallo har ya ɓace.

Akuya ta cire tabarau, ta sa kai ƙarƙashin tebur, ta ce, "Lawwali."

Aisin ya miƙe da ƙafa takwas, hularsa ta faɗi. "Na'am, Inna!" Gilashi ya sauka sumul. Iska ta shigo ta ɗaga mayafin tsohuwata, na ga ƙirjinta ya kwanta.

Wani ƙarar-ƙarar ne ya tashe ni. Gari ya waye. Inna ce a bakin ƙofar ɗakina, tana goga goro a magogi, irin gwangwanin nan da ake hudawa da ƙusa.

Ta ce, "Mai riwayar nan ya zo tun ɗazu da kayansa. Gilashin ya sauka."

Na ce, "Inna, yau kuma magogi?"

Ba ta dube ni ba. Ta tattara garin goron a tafin hannu, ta zuba a baki.

"Haƙorin ne ya fita. Kai wannan, tashi ka ta da motar."